Wasiƙa ga masu buga taifin na Kankiya da Kusada



Na rubuto muku ne a kan wuyan hannunku, wanda da shi kuke neman abinci, amma ba a cika waiwayarsa ba sai ya fara ciwo.

Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, aiki ya ƙaru a shagunanku. Ga rajista, ga takardun neman aiki, ga ɗaliban makarantar koyon aikin lafiya ta Kankiya da ke kawo furojet a ƙurarren lokaci. Sai mutum ya zauna tun hantsi har magariba yana bugu.

Don Allah ku kifa kibod ɗinku ku duba. Za ku ga ƴan ƙafafu biyu da ke ɗaga bayansa. Da yawanku kun buɗe su don haruffa su fi fitowa. Ku mayar da su ciki. Muddin bayan kibod ya ɗago, dole hannu ya lanƙwashe sama, alhali a wuyan hannu akwai wata ƴar siririyar hanya da babbar jijiya ke bi tare da igiyoyi tara masu motsa yatsu. Lanƙwasar yini guda tana matse jijiyar nan kamar tiyon ban-ruwa da aka taka. Alamarta ita ce babban yatsa da manuniya da na tsakiya su riƙa sagewa, musamman da dare, har mutum ya farka yana yarfe hannu. Ƙaramin yatsa yawanci ba ruwansa.

Sai tebur. Wanda kafinta ya saba yi na rubutu da biro ne, ga kuma kujerar roba gajera, shi ya sa kuke ɗage kafaɗa, kuna dafa wuyan hannu a kaifin katako. Ku sa matashi a kujera har gwiwar hannu ta zo daidai da kibod, hannu ya miƙe sak daga gwiwa zuwa yatsu. In ƙafa ta yi reto, a tura mata bulo. Manyanmu da suka koyi aiki a kan tafireta, ku sassauta duka. Kibod taɓawa kawai yake so.

Masu shago, yaran da ke muku aiki amana ce a hannunku. Ku bar su su miƙe bayan kowane rabin awa, ko da layi ya yi tsawo.

Wanda kuma yatsunsa suka riga suka fara sagewa, musamman mai ciwon suga ko mai juna biyu, kada ya tsaya shafa man zafi. Ya je Babban Asibitin Kankiya likita ya duba shi tun abin bai yi nisa ba.