Kimiyya A Tsakar Gida: Me Ya Sa Tsirenka Ke Ƙonewa?

Babbar Sallah ta ƙarato, kuma na san a gidaje da yawa, daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, Jabo, Sanyinna har Kebbe, ku za a miƙa wa wuƙa da tsinke a ce ku gasa nama. Shi ya sa yau za mu tattauna a kan yajin gashi: me ke cikinsa, mene ne aikin kowane haɗi, kuma yaushe ake sa shi.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni. Ina aji uku na ƙaramar sakandare mahaifinmu ya ba ni cinyar ragon layya guda, ya ce in yi wa baƙinsa tsire. Na juye yaji gwangwani guda a kan naman, na hura wuta tana ci bal-bal, na jera tsinkaye. Kafin minti goma bayan naman ya yi baƙi ƙirin, ga ɗaci, cikinsa kuwa jini na tsattsafowa. Baƙi suka taɓa suka ajiye. Mahaifinmu bai ce mini komai ba, amma na san watannin da ya yi yana tara kuɗin ragon nan.

Bayan Sallah na je wurin wani dattijo mai tukuba a bakin tashar Tambuwal, na ba shi labari. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wanga aiki ba na mai gaggawa ba ne. Harshen wuta na tukunya ne, gashi sai garwashi. Kuma yaji biyu ne, da na shiga wuta da na fita." Na ce, "Baba, ban gane ba." Ya ce in zauna in kalla. Abin da na gani a ranar, daga baya na same shi a darasin kimiyya.

Tushen yajin tsire shi ne garin ƙuliƙuli, wato gyaɗar da aka matse manta aka soya. Aikinsa ya manne a jikin nama ya yi masa riga, ya riƙe sauran kayan ƙamshi, sannan ya soyu ya ba da wannan ƙamshin da ke kiran mutum daga nesa. Launin ja-ja da ƙamshin gasasshen nama suna fitowa ne idan sinadaran furotin suka haɗu da ɗan sukarin da ke cikin abinci a zafin da ya kai kimanin digiri 140 a ma'aunin Salshiyas. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya yi bayanin wannan a 1912, har ake kiran abin da sunansa. Idan zafi ya wuce kima, gyaɗar ba ta soyuwa, ƙonewa take yi ta koma gawayi mai ɗaci. Abin da ya faru da tsirena ke nan. Don haka kuma kada ka yi amfani da ƙuliƙuli mai sukari, ya fi saurin ƙonewa.

Gishiri kuwa da farko yana jawo ruwa daga cikin nama, abin nan da malamin bayoloji ke kira osmosis. Idan ka ɗan jira, ruwan zai narkar da gishirin, nama ya sake tsotse wani sashe, ɗanɗano ya ratsa ciki. Saboda haka a shafa, a rufe, a ajiye a inuwa kamar rabin awa. Kada a wuce awa ɗaya a irin zafin garinmu, domin ƙwayoyin cuta na saurin hayayyafa a ɗanyen nama.

Zafin barkono daga wani sinadari yake mai suna kafsaisin. Shi a mai yake narkewa, ba ya narkewa sosai a ruwa. Wannan ne dalilin da ya sa mai tsire ke yayyafa man gyaɗa, yaji ya bi man ya game naman. Shi ne kuma ya sa idan yaji ya kama ka, kurɓin nono ya fi kofin ruwa amfani. Citta, kanumfari, masoro da kimba su ne masu ƙamshi, amma ƙamshinsu yana gudu idan sun daɗe a wuta. Nan na gane maganar dattijon: yaji na farko ana shafa shi kafin gashi don ya soyu, na biyu ana barbaɗa shi bayan an sauke don hanci ya samu rabonsa.

Ko kun san tafin hannu guda na yaji ya haɗa duniya? Gyaɗa da barkono asalinsu nahiyar Amurka ne, jiragen ruwan Turawan Fotugal suka kawo su gaɓar Afirka bayan 1492. Kanumfari asalinsa tsibiran Maluku ne na Indunusiya, kafin ya yi suna a Zanzibar. Kimba da masoro daga dazuzzukan kudu suke zuwa mana. Citta ana noma ta sosai a Kachia ta Jihar Kaduna. Albasar da za ka yanka a kai kuwa, ga Aliero nan maƙwabtanmu.

Ga awon da nake yi wa nama kilo ɗaya: garin ƙuliƙuli babban cokali 10, citta 2, barkono 1 ko 2 gwargwadon bakin mutanen gida, masoro rabin cokali, kanumfari da kimba ɗan kaɗan don suna da ƙarfi, sai gishiri ƙaramin cokali 2. Idan za ka sa dunƙule, rage gishirin, domin shi ma gishiri ne ya fi yawa a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, kimanin ƙaramin cokali guda, saboda hawan jini. Ka tuna da iyaye da kakannin da za su ci.

Abu biyu kada ka yi wasa da su. Na farko, raba yajinka gida biyu tun kafin ka taɓa nama. Wanda ɗanyen nama ya taɓa, wuta ce kawai za ta tsarkake shi, kada ka barbaɗa ragowarsa a kan gasasshe. Kwano da wuƙa ma a wanke da sabulu. Da yawa daga ciwon cikin da ake ɗora wa "cin nama da yawa" daga nan yake. Na biyu, duba ƙuliƙulinka. In ya yi fumfuna ko yana warin daɗewa, zubar da shi. Gyaɗar da ta yi fumfuna na iya ɗauke da guba mai suna aflatoksin wadda ke lalata hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita.

Sai wuta. Jira harshenta ya mutu, garwashi ya yi ja, toka ta ɗan rufe shi. Yanka naman falle-falle, kauri ɗaya, ka jera a gefen garwashi, kana juyawa a kai a kai, har ruwan da ke fitowa ya daina ja. Sannu ba ta hana zuwa.

Aikin gida na wannan mako, maza da mata: ku soke tsinke uku. Na farko a gasa ba yaji sai bayan an sauke. Na biyu a shafa kafin gashi kawai. Na uku a shafa kafin, a barbaɗa bayan. Ku ba mutum uku na gida su ɗanɗana ba tare da sun san wanne ne wanne ba, ku rubuta awon da kuka yi da abin da suka ce, ku aiko mana. Wanda ya rubuta awonsa, baɗi ba zai fara daga farko ba.

Allah Ya kai mu Sallah lafiya. Sai mako mai zuwa.