Gwiwar yaro: a fara da hannun likita, kyamara ta biyo baya

A unguwanninmu na Tahaggart da Gataa el-Oued, in yaro ya dawo daga ƙwallo yana ɗingishi, wajen maɗori ake fara nufa. A murza, a ɗaure, wani lokaci har da tsaga. Maɗori dai hannu kawai gare shi, ba ya ganin abin da ke cikin gaɓa.

Likitoci suna da hanyar gani, ita ce artroskopi. Ana huda kafa biyu ƙanana, kowace ba ta wuce santimita 1 ba, a zura siririyar kyamara, a cika gaɓar da ruwa, sai guringuntsi da jijiyoyi su fito a allo. A Japan aka bunƙasa ta: Kenji Takagi ya leƙa gwiwar gawa a 1918, ɗalibinsa Masaki Watanabe ya kyautata na'urar. Da ita ake tabbatar da yagewar guringuntsi ko ɓallewar guntun ƙashi, sau da yawa a gyara nan take.

To amma fa tiyata ce, sai an sa wa yaro maganin barci. Don haka ba na goyon bayan iyayen da, da zarar sun ji labarinta, sai su ce lallai a yi wa ɗansu. Likita ya fara duba shi da hannu, a yi radiyo, in ta kama a yi IRM. Yawancin ɗalibaina ’yan shekara 10 zuwa 15 masu kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa, girma ne da yawan guje-guje. Hutu ke warkar da shi. Wani kuma ciwon a ƙugu yake, gwiwa ce kawai ke kai ƙara.

Abin da ba ya jira shi ne gwiwa mai kumburi da zafi tare da zazzaɓi. Ruwan mugunya na cinye guringuntsi cikin ’yan kwanaki. A kai yaro asibiti ranar, ko da dare ne. Gwiwar da ta maƙale ta ƙi miƙewa ita ma likita take so.

Tun 1974 magani kyauta ne a asibitocin gwamnati, sai dai Alje na nesa da mu kusan kilomita 2,000, ba kowane uba ke da kuɗin jirgi ba. Muna roƙon hukumar lafiya ta jiha, idan tawagar likitocin arewa za ta zo, a sa likitan ƙashin yara a ciki, a sanar da makarantu da wuri mu tara sunayen yaran. A samo mana tafinta kuma, don iyaye mata da yawa Hausa kaɗai suke ji.