Dabarun Gida: Kwamfutar da Ta Rasa Murya

A wannan wata za mu ba ku labarin wani abin da ya same mu a gidan danginmu a Gaya, gama mun san irinsa yana samun gidaje da yawa, kuɗi kuma yakan salwanta a banza saboda shi.

A gidan nan akwai wata tsohuwar jaka cike da kaset. Uku daga cikinsu muryar marigayi kakanmu ce. Shekaru da dama da suka wuce ya zauna gaban rakoda, ya faɗi asalin gidanmu, da sunayen iyayensa, da inda iyakar gonar gado ta tsaya ta wajen hanyar Ajingi. Ba a rubuta wannan a ko'ina ba. Kaset kuwa ba ya dawwama. Zafi da ƙura da laima suna cin zarensa, muryar tana dushewa kaɗan kaɗan, wata rana kuma rakoda ta tauna shi.

Sai wani ƙanenmu, malamin firamare, ya ce zai kwafe muryar a kwamfuta. Yana da wata tsohuwa ta kan tebur wadda ya sayo a Kano, irin waɗanda suka gama aiki a ofisoshin ƙasashen waje kafin a kawo su nan. Amma tun ranar da aka goge ta aka sake zuba mata Windows, ta yi shiru. Rubutu tana yi, hoto tana nunawa, sauti kuwa babu. Ya ɗauke ta a mota, ya bi ta Wudil ya shiga Kano. Wani mai gyara ya dube ta minti biyu, ya ce katin sauti ya ƙone, gara a sayi wata. Ashe babu abin da ya ƙone. Kafin mu faɗa muku abin da ya dame ta, bari mu bayyana yadda kwamfuta take samun murya.

Kwamfutar IBM ta 1981 ba ta iya kome ba sai 'yar ƙara kamar ta tsuntsu. Mai son kiɗa ko magana sai ya sayi wani kati dabam ya soka a ciki, watau katin sauti. Wanda ya fi suna shi ne Sound Blaster, na kamfanin Creative na Singafo, wanda ya fito a 1989. Daga baya aka riƙa manna abin sautin a jikin babban farantin da ke cikin akwatin tun daga masana'anta. Kamfanin Intel ya tsara masa ƙa'ida guda biyu: AC'97 a 1997, sa'an nan HD Audio a 2004. Yawancin tsofaffin kwamfutocin da ke gidajenmu suna ɗauke da ɗaya daga cikin biyun nan.

To, katin yana da harshensa, Windows yana da nasa. Dole a sami mai shiga tsakani. Masu gyara suna ce da shi direba, amma ba mota yake tuƙawa ba. Wata 'yar manhaja ce mai aikin tafinta. In an goge kwamfuta an sake zuba Windows, tafintan nan yakan tafi tare da abin da aka goge. Kati yana nan lafiya, lasifika tana nan lafiya, amma babu mai fassara. Ga yadda za ku bi maganar daki-daki.

Na farko, ku fara da abu mai sauƙi. Ku duba bayan akwatin, za ku ga 'yan ramuka masu launi. Kore na lasifika ne, mai ruwan hoda na makirufo ne, shuɗi kuwa na shigar da sauti ne daga wani abu kamar rakoda. Mun sha ganin waya a ramin da ba nata ba. Ku tabbata lasifikar tana da wuta. In kuna shakkarta, ku soka abin sauraron kunne na wayarku a koren rami ku gwada. Ku kuma duba 'yar alamar lasifika da ke ƙasan allo ta dama, ko wani yaro ya rufe bakinta.

Na biyu, ku tambayi kwamfutar kanta. Ku ɗora kibiya a kan My Computer, ko Computer in Windows 7 ne, ku danna maɓallin dama na ɓeran kwamfuta, ku zaɓi Manage, sa'an nan Device Manager. Nan ne jerin dukan kayan cikinta. In kun ga alama rawaya kusa da rubutu kamar Multimedia Audio Controller, ku yi murna, gama kwamfutar tana ganin katin, direba ne kaɗai babu. In kuwa ba ku ga kome game da sauti ba, mai yiwuwa an kashe shi a BIOS, watau shafin saiti da ake shiga da zarar an kunna ta, ta wurin danna F2 ko F10 ko Delete, gwargwadon irin kwamfutar. Ku nemi inda aka rubuta Onboard Audio ko Integrated Audio, ku mai da shi Enabled. Kada ku taɓa wani abu dabam a shafin nan.

Na uku, ku san sunan katinku. Matambayi ba ya ɓata. Hanya mafi sauƙi ita ce ku karanta sunan da lambar da ke jikin akwatin, misali Dell OptiPlex ko HP Compaq da lambar da ke biye, ku rubuta a takarda. In an haɗa kwamfutar ne da kaya daga wuri dabam dabam, ku danna sau biyu a kan abin nan mai alama rawaya, ku shiga Details, ku nemi Hardware Ids. Za ku ga haruffa VEN da alamu huɗu a bayansu. Wannan shi ne hatimin kamfanin da ya ƙera abin. 10EC na Realtek ne na Taiwan, 1102 na Creative, 13F6 na C-Media, 11D4 kuma na Analog Devices masu SoundMAX. In kun ga 8086, Intel ke nan, amma wannan ƙofar kawai ya nuna muku, bai nuna mai ɗakin ba. Sai ku koma ga sunan kwamfutar ku nema da shi.

Na huɗu, ku ɗebo ruwa daga rijiya mai tsabta. In faifan CD da ya zo da kwamfutar yana nan, shi ke nan. In babu, ku nemi direban a shafin intanet na kamfanin da ya yi kwamfutar ko katin. Lalle ne ya dace da irin Windows ɗinku, XP ne ko 7, mai 32 ne ko mai 64. Wasu kamfanoni sun cire direbobin tsofaffin kayansu, don haka in ba ku samu ba, ku je wurin mai gyara amintacce da takardarku a hannu, ku ce ga abin da kuke nema. Wanda ya zo da suna da lamba ba a cika yi masa wayo ba. Ku guji shafuffukan da suke cewa ku sauke wata manhaja za ta gyara muku dukan direbobi da dannawa guda. Da yawa cikinsu talla ce da neman kuɗi, wasu ma cuta suke sa wa kwamfuta.

Har wa yau, kada ku haɗa tsohuwar kwamfutar da intanet domin wannan aiki. Kamfanin Microsoft ya daina tsare Windows XP tun 8 ga Afrilu 2014, Windows 7 kuma tun 14 ga Janairu 2020. Gidan da ba shi da ƙyaure ba a kwana a cikinsa da kaya. Ku sauke direban da wayarku ko wata kwamfuta, ku kawo shi a filashi.

Na biyar shi ne ramin da ƙanenmu ya faɗa. Kwamfutarsa tana da HD Audio, amma Windows XP da aka zuba mata tsohon zubi ne, wanda bai san sabuwar ƙa'idar nan ba. Ya sami direban da ya dace, ya sa shi sau uku, kowane karo sai ta ce ba ta ga kati ba. Irin wannan XP yana bukatar wani ƙaramin gyara na Microsoft mai lamba KB888111 kafin ya karɓi direban, ko kuwa a ɗora masa Service Pack 3 na 2008, wanda ya zo da gyaran a cikinsa. Da muka sa wannan tukuna, muka bi da direban, muka kashe muka kunna, sai ga kiɗan buɗewar Windows ya cika ɗaki. Windows 7 yakan gane HD Audio da kansa, amma tsofaffin katunan AC'97 sau da yawa sai an nemo musu nasu.

Ku lura da abu biyu sa'ad da kuke zuba direba. Kada ku fara lokacin da wuta take rawa, gama in ta ɗauke ana tsakiyar aiki, gyara yakan zama ɓarna. In kuma sabon direban ya sa kwamfutar ta rikice, ku koma Device Manager, akwai maɓalli mai suna Roll Back Driver wanda yake mai da ita ga direban da take da shi dā.

In duk wannan bai yi ba, kuma katinku irin na sokawa ne, sai a buɗe akwatin. Ku zare wayar wuta daga bango tukuna. Ku taɓa ƙarfen akwatin da hannu kafin ku taɓa kati, musamman da hunturu, gama tartsatsin nan da yakan ɗana mutum in ya taɓa ƙarfe ko bargo ya isa ya kashe kayan ciki. Ku hure ƙura, ku zare katin a hankali, ku mai da shi cikin raminsa har ya zauna daram. In ya tabbata ya mutu, har yanzu ba dalilin yar da kwamfuta ba ne. Ana sayar da wani ɗan ƙaramin katin sauti kamar filashi, wanda ake sokawa a ramin USB, kuma yawancinsu Windows yakan gane su ba tare da an nemo direba ba. Sai dai galibinsu ramin lasifika da na makirufo kaɗai gare su, babu shuɗin rami, don haka ba su fi dacewa da kwafe kaset ba.

Yanzu ga aikin da ya sa muka yi dukan wannan wahala. Ana bukatar waya mai ƙaramin kai a kowane gefe, ɗaya a ramin abin kunne na rakoda, ɗaya a shuɗin ramin kwamfuta. Manhajar da muka yi aiki da ita Audacity ce, kyauta ce, tana nan tun shekarar 2000, amma tsohuwar kwamfuta sai da tsohon zubinta. Kafin kome, ku ɓalle 'yan kunnuwan nan biyu da ke saman kaset, domin kada wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ya shafe muryar. Ku goge kan rakodar da auduga da ɗan sifirit. Ku tura zaren gaba har ƙarshe, ku dawo da shi, domin ya saki jiki. Ku fara gwaji da kaset ɗin da ba ku damu da shi ba. Kada ku ƙure ƙarar rakoda. Ku bar ta tsaka-tsaki, kuna duban ma'aunin da ke allo kada ya kai ƙarshe, in ba haka ba muryar za ta fashe.

Ku ajiye kwafi na fari a tsarin WAV, wanda ba ya rage kome. Yana cin wajen megabait 10 kowane minti, watau kaset mai minti 60 zai ci fiye da megabait 600 kaɗan. Daga shi sai ku yi na MP3 mara nauyi domin aika wa dangi a waya. Ku yi kwafi biyu, ku ajiye a gida biyu dabam. Kaset ɗin ma kada ku yar.

Daren da muka gama, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka fito da lasifika bakin ƙofa. Yaran da ba su taɓa ganin kakan ba suka yi tsit. Da ya zo kan maganar gona, ya ambaci wata tsamiya da wani tsohon kwari a matsayin iyaka, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce a mai da baya a sake. Aka sake har sau uku. Kashegari da sassafe baffanmu ya ɗauki yara maza biyu ya kai su ya nuna musu tsamiyar. Tana nan.

Masu tarihi suna cewa maƙeran da suka fara zama a gindin Dutsen Dala daga Gaya suka taso suna neman tama, har yau ana kiran zuriyarsu Abagayawa. Maƙeri ba ya yar da fartanya don bakinta ya dakushe. Yakan duba ya ga inda ta gaza, ya gyara wurin. Haka ya kamata mu yi da kayan gidanmu. Da tsohuwar zuma ake magani, kuɗin sabuwar kwamfuta kuwa ya isa kuɗin makarantar yaro ko buhunan taki.

Shawararmu ta ƙarshe ita ce wannan. Ranar da kwamfutarku ta yi magana, ku kwafe direban a filashi ko faifai, ku rubuta sunansa a ambulan, ku manna shi a jikin akwatin, domin ranar da za a sake goge ta. In kuma akwai jakar kaset a ƙarƙashin gado a gidanku, kada ku jira har damina ta sake bi ta kanta. Ku rubuto mana ku faɗa mana yadda kuka ƙare. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.