Wake Ɗaya Shi Ke Ɓata Gari

Malamai da 'yan'uwa, a ajin lissafi an koya mana yadda a ke fitar da matsakaici, watau a tara adadi duka, sa'an nan a raba su da yawansu. Hanya ce mai sauƙi, amma mu a ganinmu ba kullum ta ke faɗin gaskiya ba.

Mu ɗauki misali. A ce manoma goma ne a Indabo ta ƙasar Wudil. Tara sun sami dami 20 na gero kowanne, na goma kuwa mai babban gandu ya sami dami 320. Jimla dami 500 ke nan, matsakaici ya zama dami 50. To, wa ya sami hamsin ɗin nan? Ba ko ɗaya. Mutum guda ya ja lissafi ya kai shi inda ba kowa. In aka yanka haraji ko aka raba gudummawar abinci bisa ga wannan, lalle an zalunci mutum tara, ga takarda ta ce sun ƙoshi, ga rumbu wayam.

Maganin abin shi ne a jera adadin daga ƙarami zuwa babba, a dubi na tsakiya. A misalinmu dami 20 ne, ko da mai gandu ya sami dubu ba zai gusa ba.

Wani masani na Ingila, Francis Galton, ya gwada haka a 1906 a garin Plymouth, inda jama'a suka yi gasar cankar nauyin naman wani sa, irin kintacen da dillalai ke yi a karar Wudil ran Juma'a. Ya jera takardu 787, na tsakiya ya ce laba 1,207, da aka auna aka sami laba 1,198. Ya zaɓi na tsakiya ne don kada mai wuce gona da iri ya rinjayi sauran.

Ba mu ce a jefar da adadin da ya fita dabam ba. A bincike shi tukuna, gama wani kuskuren alƙalami ne, wani kuwa gaskiya ce mai bukatar bayani. Saboda haka duk wanda ya kawo mana matsakaici, mu tambaye shi na tsakiya, da mafi girma, da mafi ƙanƙanta. Haka kuma ya kamata mu koya wa yaran da za a danƙa mana.

Allah ya sa mu auna da adalci, amin.