Gajiyar Ma'aikatan Masaukan Baƙi a Makka

Zuwa ga Edita,

Wannan wasiƙa jan hankali ce kan halin da ma'aikatan otal-otal ke ciki a Ka'akiyya, unguwar kudancin Makka da aka fi sani da kasuwar dabbobi da ta kayan lambu, da ma sauran unguwannin da alhazai ke sauka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar aiki mai cin rai, wato ƙarewar kuzari da mutuwar zuciya sakamakon matsin da ya daɗe ba a magance ba, a matsayin matsalar da wurin aiki ke haifarwa.

Dokar ƙwadago ta Saudiyya ta ƙayyade awa 8 a rana, 48 a mako, amma idan Ramadan da Hajji suka kama, mai gyaran ɗaki kan wuni yana sauya zannuwan gado, mai ɗaukar kaya kuma yana jan jakunkuna da jarkokin Zamzam har asuba, ga iyali can nesa. Tun daga Maris 2021, da aka sassauta tsarin kafala, wanda ke ɗaure baƙon ma'aikaci ga ubangidansa, sauya wurin aiki ya yi sauƙi, don haka otal ɗin da ba ya biyan kuɗin ƙarin lokaci ko ba da hutu yakan rasa ƙwararrunsa, alhaji kuma shi ke ɗanɗana kuɗarsa.

Ana roƙon hukumar alhazan Najeriya, NAHCON, ta riƙa duba walwalar ma'aikata kafin kama masauki, alhazai kuma su tausasa harshe ga masu yi musu hidima.

Daga wani mai karatu,
Ka'akiyya, Makka.