Tetra ta Amazon ko Kawarar Gida: Wanne Ya Dace da Ajin Kimiyya?

Duk wanda ya taɓa ganin gungun kifin neon tetra cikin akwatin gilashi, da wuya ya manta. Kifi ne da bai wuce santimita 4 ba, da zane shuɗi mai ƙyalli daga ido zuwa kusa da wutsiya, da ja a ƙasansa, kuma sukan juya tare kamar an ba su umurni. Ba abin mamaki ba ne malamin ilmin halittu a Daudawa ya yi sha'awar ajiye irinsa a ɗakin gwaji. Sha'awar tana da dalili mai ƙarfi. Tun bayan sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, fita da yara bakin rafi don nazari ya zama abin da shugaban makaranta zai yi dogon tunani kafin ya yarda. Idan ɗalibi ba zai je wa rafi ba, ya kamata a kawo masa ɗan yankin rafin cikin aji.

Sai dai neon tetra ba shi ne kifin da ya dace ba. Asalinsa ƙoramun dazuzzukan Amazon ne a Kudancin Amurka, inda inuwar itatuwa ke rufe ruwa, kuma masana sun ba shi suna a 1936. Yana son ruwa mai ɗumin digiri 20 zuwa 26 a ma'aunin Salshiyas. To, a watan Afrilu zafin rana a kudancin Katsina yakan kusanci digiri 40, ruwan ƙaramin akwati a ƙarƙashin rufin kwano kuwa bin zafin ɗaki yake yi. Ruwa mai zafi ba ya riƙe iskar oksijin sosai: lita ɗaya tana ɗaukar wajen miligiram 9 a digiri 20, amma kimanin 7 da rabi a digiri 30, alhali a lokacin ne jikin kifin ya fi buƙatar ta. In aka ɗauke wutar lantarki, na'urar hura iska ta tsaya, sai a wayi gari gungun yana yawo ciki sama. Kuɗin makaranta ya tafi, ɗalibai kuma sun koyi cewa kimiyya abin Turawa ne da ba ya rayuwa a nan.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, Nijeriya tana da nata tetra. Kawarar da masunta ke kamawa, wadda masana ke kira Brycinus nurse, 'yar dangin Alestidae ce, wato tetra na Afirka, dangi ɗaya da tsage mai haƙora. A duba bayanta da kyau: tsakanin babban fiffike da wutsiya akwai wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka, irin wanda neon ke da shi. Wannan alama ce ta zumunci tun zamanin da Afirka da Kudancin Amurka suke haɗe, kafin su rabu shekaru wajen miliyan 100 da suka wuce. Darasi guda ke nan da babu zanen allo da zai koyar kamarsa. Kawara kuma ba ta rasa kyau ba: jiki kamar azurfa, jar wutsiya, da baƙin ɗigo a bayan kai da gindin wutsiya. Ita ma cikin gungu take tafiya, ta kuma saba da bazara da hunturun ƙasar nan. Akwai ma wata 'yar uwarta a kudu, Arnoldichthys spilopterus, wadda babu ita ko'ina a duniya sai Nijeriya, masu kiwon kifin ado a Turai suna biyan kuɗi don su same ta.

Gaskiya ne kawara tana da nata wahalar. Takan kai santimita 20 ko fiye, tana tsalle, saboda haka tana buƙatar babban akwati mai murfi, kuma ƙanana ya kamata a nema wurin masuntan madatsar Mairuwa ko ta Gwaigwaye a Funtuwa, kamar guda shida, domin guda ɗaya tak firgita take yi ta ƙi cin abinci.

Kowane kifi aka zaɓa, ruwa ake fara reno. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce gare shi, sai wasu ƙwayoyin bakteriya sun zauna a tsakuwa da matata su mayar da ita naitirait, sa'an nan naitiret mai sauƙin illa. Wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Malami ya cika akwatin a farkon zango, ya dasa ciyawar ruwa, ya riƙa jefa ɗan abinci, ɗalibai suna rubuta zafin ruwan safe da rana. Bayan kifin ya shiga, a canza kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako, a ciyar da su da tsutsar sauro da yara za su kwaso daga tsofaffin tayoyi da kaskon kaji. Ranar da suka yi wa akwatin girma, a mayar da su ruwan da aka kamo su, a nemo wasu ƙanana don ajin da ke tafe.