Hoton Bakin Ruwa: Shaidar da Ƙasar Daura Ke Bukata

A ƙasashen da ke gaɓar teku akwai mutanen da suka mayar da ɗaukar hoton bakin ruwa abin sha'awarsu. Sukan yi sammako su tafi tashar jiragen ruwa, su kafa kyamara, su jira rana ta fito a kan jirage da kwalekwalen masunta. Mutumin Daura, wanda tsakaninsa da Legas akwai tafiyar da ta haura kilomita 1,000, yana iya cewa wannan sha'ani ne na masu teku, ba ruwansa. Ra'ayina shi ne mu ma muna da bakin ruwan namu, yana kuma sauyawa a gaban idonmu ba tare da an ajiye shaida ba. Matasanmu masu riƙe da kyamara su ne suka fi kowa damar ajiye wannan shaida.

Abin da hoto ya yi wa kimiyya

Dangantakar hoto da ilimin halittu daɗaɗɗiya ce. A shekarar 1843 wata Baturiyar Ingila mai nazarin tsirrai, Anna Atkins, ta fara fitar da littafi na hotunan ciyayin teku, wanda masana da yawa suke ɗauka shi ne littafi na farko da aka ƙawata da hotuna. A nan Nijeriya kuwa, Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, ya ɗauki hotunan garuruwan gaɓar teku a ƙarshen ƙarni na 19, waɗanda har yau masana tarihi suke komawa gare su.

Misalin da ya fi ba ni sha'awa ya fito ne daga tashar jiragen ruwa ta Key West a jihar Fulorida ta Amurka. Shekara da shekaru masu kamun kifi don nishaɗi sukan rataye manyan kifayen da suka kama a jikin katako a bakin tashar, a ɗauke su hoto don tunawa. Ba wanda ya yi hakan da nufin bincike. Amma a shekarar 2009 wata masaniya, Loren McClenachan, ta tattara waɗannan hotuna ta auna kifayen da ke cikinsu, ta gano cewa matsakaicin nauyin kifin da ake alfahari da shi ya faɗi daga kimanin kilo 20 a 1956 zuwa kilo 2.3 a 2007. Abin lura shi ne, kowane zamani mutanensa sun ɗauka kifin da suke kamawa shi ne babba, domin ba su ga na iyayensu ba. Hoto ne ya tona wannan asiri. Gaskiyar Bahaushe da ya ce gani ya kori ji.

Haka nan labarin Tafkin Cadi. Faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a 1963, sannan farin shekarun 1970 da na 1980 suka ƙwace mafi yawansa, kafin ya ɗan farfaɗo daga baya. Hotunan tauraron ɗan'adam ne suka nuna wa duniya wannan. To amma hoton sama yana da iyaka. Kowane ɗigo a hoton tauraron Landsat yana wakiltar fili mai tsawon mita 30 da faɗin mita 30. Ba zai nuna maka girman tarwaɗar da ke cikin kwandon masunci ba, ba kuma zai bambance maka bado da kainuwa ba. Wannan aikin wanda ya tsaya a bakin ruwa ne.

Namu bakin ruwan

Ƙasar Daura da kewayenta suna da madatsun ruwa irin su Sabke da Dabiram, ga tafkuna da kududdufai da fadamu waɗanda sukan cika tsakanin Yuni da Satumba, su janye da rani. A waɗannan wurare ake su, ake noman rani, ake shayar da dabbobi. Abubuwa uku ne aƙalla suka cancanci a riƙa ajiye hotonsu.

Na farko, iyakar ruwa. Kowace madatsa a yankin da ƙasarsa ke da rairayi tana fama da cikewa, domin ruwan sama yana kwaso yashi da laka daga gonaki da kwazazzabai ya zube su a cikinta. Wannan abu a hankali yake tafiya, har mai zuwa kullum ba ya lura. Hotuna goma na wuri ɗaya a shekaru goma za su nuna shi ƙarara.

Na biyu, ciyayi. Maƙwabtanmu na dausayin Haɗeja da Nguru sun ga yadda kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, bayan da madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) suka sauya yadda ruwa ke sauka a kogin. Irin wannan ciyawa da ɗan kaɗan take farawa, kuma a lokacin ne kawar da ita ke da sauƙi. Wanda ya ɗauki hoton kututturenta na farko ya yi wa al'umma gargaɗi a kan kari.

Na uku, kifaye da tsuntsaye. Girman ƙarfasa da tarwaɗa da ake fitarwa yana nuna ko ana barin kifi ya girma ya hayayyafa, ko kuwa taru mai ƙananan idanu yana kwashe shi tun yana ƙarami. Tsuntsaye kuwa kalanda ce mai rai. Shamuwa takan iso gabanin damina daga kudancin Afirka, wasu agwagin ruwa kuma sukan ƙetaro hamada daga Turai su yi hunturu a wurinmu. Ranar isowarsu da yawansu bayani ne da masana a duniya suke nema, kuma tun 1967 ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama a kowane watan Janairu.

Kayan aiki

Mutane da yawa sun ɗauka sai da kyamara mai tsada ake wannan aiki. Ba haka ba ne. Wayar hannu ta zamani ta isa ɗaukar iyakar ruwa da ciyayi da kifi, tana ma da wata fa'ida babba, wato tana rubuta ranar da aka ɗauki hoto da lokacinsa, har da wurin idan an kunna mata. Tsuntsu ne kawai ke bukatar kyamara mai dogon madubi, kamar mai milimita 300, domin ba ya bari a matso shi. Idan kuma yana tashi, sai a sa ta ƙifta cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa don kada hoton ya yi dishi-dishi.

Bayan wannan, mariƙi mai ƙafa uku yana hana rawar hannu. Akwai kuma wani gilashi da ake ɗaura wa a bakin kyamara mai tace ƙyallin ruwa. Hasken da ya daki fuskar ruwa ya dawo yakan karkata ya bi fuska ɗaya, shi kuwa gilashin, idan an juya shi daidai, sai ya tare wannan haske, har a hango abin da ke ƙarƙashin ruwa marar zurfi. A lokacin hunturu ƙura ita ce babbar abokiyar gaba: a riƙa ajiye kyamara a jaka mai rufi, kada a cire madubinta a fili, a busa ƙurar kafin a goge don kada yashi ya karce gilashi. Lokacin da ya fi dacewa shi ne hantsi da la'asar sakaliya, sa'ad da hasken rana yake da taushi.

Sai dai tsari ya fi kayan aiki muhimmanci. A zaɓi wuri tsayayye, kamar gindin wata bishiya ko kan dutse, a riƙa tsayawa nan ana fuskantar gefe ɗaya a kowane wata. Idan kifi ne, a ajiye ma'auni ko wani abu sananne a gefensa. Hoton da ba shi da rana da wuri ado ne kawai. Wanda ke da su kuwa hujja ce.

Ladubba da hattara

Wani zai ce jama'armu ba sa son a riƙa ɗaukarsu hoto, kuma wannan magana ce mai tushe. Bakin ruwa wurin wanka ne da wanki, saboda haka kada a juya kyamara inda mata da yara suke. A fara gaida mai gari da sarkin ruwa, a bayyana musu manufa, a nemi izinin masunci kafin a ɗauki kifinsa, a kuma nuna masa hoton. Madatsun ruwa kayan gwamnati ne, ƙasar Daura kuma tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, don haka neman izinin masu gadi wajibi ne. Ta fuskar lafiya kuwa, a guji shiga ruwan da ke kwance, domin a irinsa ne dodon koɗi mai ɗauke da ƙwayar tsargiya yake zama, ƙwayar kuma ta fata take shiga jiki.

Kira

Ina kira ga malaman kimiyya na makarantun sakandaren Daura da Sandamu da Zango da Mai'aduwa da Ɓaure su kafa ƙungiyoyin ɗalibai, kowace ta ɗauki tafki ɗaya ko gefen madatsa ɗaya ta riƙe. Manyan makarantun jihar Katsina kuma su ware ma'ajiya inda za a riƙa tara waɗannan hotuna da bayanansu, domin hoton da ya tsaya a cikin waya yakan tafi ne ranar da wayar ta lalace. Akwai ma dandalin iNaturalist a intanet, inda masana ke taimakawa wajen gane sunan tsiro ko tsuntsun da aka ɗauka.

Dattawa suna ba mu labarin tafkunan da suka ƙafe da kifayen da aka daina gani, muna saurare, amma ba mu da abin aunawa. Nan da shekaru talatin jikokinmu za su tambaye mu yadda Sabke da Dabiram suke a zamaninmu. Ya kamata a lokacin mu sami abin da za mu ɗauko mu nuna musu.